Awon Naziru da Makullin Kawu Ɗanmusa

Akwai wani ma'aunin hatsi a garin Gummi mai suna Naziru. Idan na ce ma'auni, ina nufin mutumin da zai zura tiya cikin buhun gero, ya ɗago ta, ya shafa ta da gefen hannu sau ɗaya, kuma ko sau goma ka sake aunawa ba za ka ga ƙari ko ragi ba.

A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Mahaifin ya rasu Naziru yana da shekara goma sha biyu, ya bar masa tiya ɗaya ta ƙarfe da suna mai kyau a kasuwar Bukkuyum. Daga nan wan mahaifiyarsa, Ɗanmusa, ya ɗauko shi ya riƙe a Gummi, har ya girma ya yi masa aure a cikin gidansa.

Naziru ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Hannunsa a sake yake. Bai taɓa auna wa mutum hatsi ya bar shi ya tafi babu gyara ba. Zai cika tiya, ya juye, sannan ya ƙara danƙa ɗaya a kai ko ba a roƙa ba. Matsalarsa guda ce: ya yarda da idonsa da hannunsa fiye da kima, kuma ba ya ɓoye hakan.

Shi kuwa Kawu Ɗanmusa direban bas ne a layin Gummi zuwa Anka. Shekara ashirin da shida yana kan hanyar nan, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ranar da limamin masallacin tasha bai zo ba, shi ake turawa gaba. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato taba sigari. Ya bari ya koma, ya bari ya koma, har tari ya fara hana shi gama magana.

A shekarar 2018 wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini a asibiti, Obed, ɗan kudancin Kaduna, ya kama hayar ɗakin waje a gidan Kawu. Shi ma tsohon mashayin taba ne. Ya nuna wa Kawu sigarin lantarki, wanda samari ke kira shishar aljihu, ya ce shi da wannan ya riƙa ragewa kaɗan kaɗan har ya rabu da abin gaba ɗaya.

Kafin wani ya rubuto mini a ƙasa, ba talla nake yi ba. Wanda bai fara ba kada ya fara, ko wannan ko waccan. Labari nake ba ku kamar yadda ya faru.

Ruwan da ake zuba wa sigarin ba a samunsa a Gummi, don haka Obed ne ke haɗa wa Kawu da hannunsa. Ran Lahadi idan ya dawo daga coci sai ya zauna a zaure, ya sa safar hannu, ya fito da ɗan ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinari a Anka. Ga kwalbar giliserin mai kauri kamar zuma, ga ruwan ƙamshi, ga wata 'yar baƙar kwalba ta nikotin, sinadarin nan da ke kama mai shan taba. Ɗigo ɗigo yake zubawa, idonsa a kan lambar sikeli, yana duba takardarsa.

Naziru ba ya iya wucewa bai tsokane shi ba.

"Likita, wai duk wagga wahala don ruwan da bai cika kofin shayi ba? Ba ni murhi guda in auna maka, ka tashi ka huta."

Obed ya yi murmushi bai ɗago ba. "Naziru, wannan ba gero ba ne. Da nauyi aka rubuta takardar nan, ba da cikar murfi ba. Kuma baƙar kwalbar nan ba ta yafe kuskure."

"Sikeli na waɗanda ba su gada ba na," in ji Naziru. "Mu hannunmu ad da lamba."

Kawu ya yi dariya, Obed ma ya yi. A lokacin abin wasa ne.

Wata biyar Kawu bai sa taba a bakinsa ba. Tarin ya lafa. Matarsa, Inna Hure, ta daina shanya rigunansa daban saboda wari.

Da Kirsimeti ta matso, Obed ya haɗa wa Kawu kwalbar da za ta ishe shi mako biyu, ya bar akwatin kayan a ɗakin Kawu, ya tafi ƙauyensu. A kwana na huɗu Kawu ya sunkuya yana duba taya a tasha, kwalbar ta zame daga aljihunsa, wata mota ta taka ta.

Aka kira Obed, wayarsa ba ta shiga. Kwana biyu Kawu yana tauna goro kamar zai cinye haƙoransa, yana faɗa da kowa a gida. Ran na uku da la'asar ya ce wa Naziru, "In ban samu ruwan nan ba, gobe tabar nika saye. Na san kaina."

"Kawu, bar mani," in ji Naziru. "Sau nawa nig ga shina yi? Ba wani abu ba na."

Kawu ya dube shi. "To. Amma da sikelin nan za ka yi, yadda yaka yi."

"Da shi, Kawu."

Ya ɗauki akwatin ya shiga ɗakinsa. Ya fito da sikelin, ya danna, lambobi suka fito. Ya ɗora kwalba, lambobin suka canza. Ya sake dannawa, wasu haruffa suka bayyana da bai san ma'anarsu ba.

Ga gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba: bai iya aiki da sikelin ba. Duk wata biyar ɗin nan tsokana yake yi, bai tsaya ya kalla ba. Da ya fita ya ce, "Kawu, ban iya ba," da an tsaya a nan. Akwai masu sayen zinari a gari da za su nuna masa cikin minti biyu. Amma ma'auni ɗan ma'auni ya je yana tambayar yadda ake awo? Sai ya tura sikelin gefe.

Ya ɗauko murfin maganin tarin yara, irin mai layuka a jiki. Duk lambar da ya gani a takardar Obed da ke cikin akwatin sai ya neme ta a jikin murfin. Da ya zo kan baƙar kwalba, sai ya ga abin da takarda ta ce ko layin farko bai kai ba.

"Ɗan wanga abu za a ba mutum guda kamar Kawu?" ya ce a ransa. "Likita ma akwai rowa."

Ya cika har layin farko ya juye. Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin a kasuwa. Ya karkata baƙar kwalbar ya ƙara gyara.

Da safe ya miƙa wa Kawu kwalba. Kawu ya tambaye shi, "Da sikeli kay yi?"

"Da shi," in ji Naziru, yana gyara hularsa.

Kawu ya zuƙa a tasha kafin mota ta cika. Ya ji abin ya ƙone masa maƙogwaro, amma ya ɗauka don ya kwana biyu bai sha ba ne. Ya ƙara. Da suka tsaya sauke wani fasinja a hanya, ya sake ƙarawa.

Kafin su kai mararrabar Bukkuyum zufa ta karyo masa. Yawu ya cika bakinsa, zuciyarsa na bugu, hanya ta fara rabuwa biyu a idonsa. Mutum goma sha huɗu ne a motar. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya gangara gefen titi, ya kashe inji, ya buɗe ƙofa. Nan ya zube ƙasa yana amai.

Babu wanda ya ƙwarzane. A ganina wannan abin a yaba masa ne. Amma wani fasinja ya riga ya ɗaga waya. Hoton ya nuna dattijo a ƙasa yana layi, ga sigarin lantarki ya faɗo daga aljihunsa, ga kwalba babu suna a jiki. Lokacin kuwa maganar kodin da tiramol ce a bakin kowa.

Kafin a dawo da Kawu gida daga asibiti, bidiyon ya zaga wayoyin Gummi da Anka. An rubuta a ƙasansa cewa direba ya narka ƙwaya a cikin shisha.

Washegari Yahaya, ciyaman ɗin tasha, ya kira shi gaban dattawan direbobi. Kawu ya rantse bai taɓa shan ƙwaya ba, ya ce ruwan sigarin ne ya yi ƙarfi.

"Wata biyar kana sha, mi ya hana shi kayar da kai sai jiya?" in ji Ciyaman. "Wa ya haɗa maka wanga?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Ni na haɗa abina."

Wannan amsa ta ƙara nutsar da shi. Suka ce in shi ya haɗa, to shi ya san abin da ya zuba. Aka karɓe makullin motar, aka ce ya zauna gida sai an gama bincike. Da azahar liman bai zo ba. Kawu na sahun gaba, amma aka miƙa hannu ta gefensa aka jawo wani. Daga ranar bai sake zuwa masallacin tasha ba.

Ina Naziru a duk wannan? Yana nan. Ya ji abin da Kawu ya faɗa a tasha, ya yi shiru. Kullum da safe zai gaishe shi a zaure ba tare da ya haɗa ido da shi ba, ya yi sauri ya fice. Kawu bai tambaye shi komai ba. Inna Hure kuwa ba ta fasa aiko masa da furarsa ba, har da ƙarin nono kamar yadda yake so. Sai ya riƙa ajiye furar a gefe ba tare da ya sha ba.

Ranar kasuwar Bukkuyum wani abokin cinikinsa ya miƙo masa waya. "Wanga ba kawunka ba na? Dattijo da hurhura, ashe haka yake?"

Naziru ya kalli bidiyon har ƙarshe. Ya ga mutumin da ya goye shi zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kama shi, yana birgima a ƙasa ana yi masa dariya. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah shi kyauta." Ya ce daga baya, a duk abin da ya aikata, wannan kalmar ce ta fi ba shi kunya.

Kwana tara aka yi haka, sannan Obed ya dawo.

Obed bai yi dogon bincike ba. Yana da wata al'ada: duk lokacin da ya gama haɗi, yakan ɗora baƙar kwalbar a sikeli ya rubuta nauyinta a jiki. Ya ɗora ta, ya dubi lambar, ya dubi abin da ya rubuta kafin tafiya. Ya kuma tarar da murfin maganin tari a cikin akwatin, inda bai bar shi ba. Sai ya kira Naziru ɗakinsa ya tura ƙofa.

Ya cika murfin da ruwa ya juye a kofi a kan sikeli, ya nuna masa lambar. Ya sake cika murfin da giliserin har layi ɗaya, ya auna. Lambar ta haura.

"Murfi ɗaya, layi ɗaya," in ji Obed. "Ka ga nauyin ɗaya ne?"

Naziru ya dubi lambar. Ai ya san wannan tun yana yaro. Tiyar gero da tiyar gyaɗa mai ɓawo duk tiya ce, amma wanda ya ɗauka a ka ya san ba ɗaya ba ne. Kullum yana faɗa wa masu dako hakan.

Obed ya miƙa masa murfin da kofin ruwa. "Zuba mini kamar yadda ka zuba na baƙar kwalba ranar. Kada ka rage komai."

Naziru ya cika har layin farko, ya juye a wata kwalba a kan sikelin. Ya tsaya. Obed ya ci gaba da kallonsa. Sai ya karkata kofin ya ƙara gyaran.

Obed ya ajiye takardarsa kusa da sikelin. Abin da Naziru ya zuba ya ninka na takarda fiye da sau shida.

"Da Baba Ɗanmusa bai tsayar da motar ba a lokacin da ya tsayar," in ji Obed, sai ya bar maganar a nan. Can ya ce, "Ni ma da laifina. Bai kamata in bar kwalbar nan a inda hannu zai kai ba, kuma yau zan rabu da ita. Amma ba ni zan je tasha in faɗi sunanka ba. Baba ya hana ni. Tun jiya da na iso ya ce kada in taɓa ka da maganar."

"Kawu ya san ban yi da sikeli ba?"

"Ya ce tun da zufa ta karyo masa ya yi zargi, da ya faɗi kuma ya tabbatar."

Naziru ya zauna a ƙasa a ɗakin baƙo, mutum mai mata da 'ya'ya biyu, ya rufe fuskarsa da hularsa.

Washegari da hantsi, lokacin da tasha ta fi cika, ya ɗauko akwatin a ka kamar ɗan dako. Ya roƙi Kawu ya biyo shi, ya roƙi Obed ma. Ya sauke akwatin a gaban bencin Ciyaman Yahaya, direbobi da 'yan kamasho suka zagaye su.

"Ciyaman, ba Kawu ya haɗa ruwan nan ba. Ni na. Yac ce in yi da sikeli, nic ce to. Ban iya sikelin ba, kuma girman kai ya hana ni hwaɗi. Da murhin maganin tari niy yi awo, har da gyara nis sa. Da sahe yat tambaye ni, niy yi mashi ƙarya. Kwana tara ina kallo ana zagi nai, ban ce komi ba."

Sai wani direba daga baya ya ce, "Ma'auni ɗan ma'auni ke nan." Wasu suka yi dariya. Naziru bai ɗago ba, don ya san ya ci wannan dariyar.

Obed ya fito da sikeli ya maimaita awon a gabansu da ruwa, ya yi bayanin abin da yawan nikotin ke yi wa jiki: zufa, jiri, amai, bugun zuciya. Ciyaman ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya ga Kawu.

"Ɗanmusa, don mi kac ce kai na?"

Kawu ya share fuskarsa da tafin hannu. "Uban yaron ga bai bar mashi gona ba, bai bar mashi gida ba. Tiya yab bar mashi, da sunan cewa hannunsu ba ya kuskure. In anka ji awo nai ya kusa kashe mutum sha huɗu, wa za ya sake miƙa mashi buhu? Ni na tsuhwa, nau sunan ya gama aiki nai. Nashi yanzu yah hwara."

Ba wanda ya sake dariya. Ciyaman ya zaro makullin daga aljihunsa ya sa a hannun Kawu, ya ce a yi haƙuri. Da azahar shi da kansa ya kama hannun Kawu ya kai shi gaban sahu.

Kawu bai sake taɓa sigarin lantarkin ba, bai kuma koma wa taba ba. Ya ce wahalar kwana taran nan ta cire masa sha'awar duka biyun.

Amma bidiyo ba shi da ciyaman da zai karɓe masa makulli. Mutum hamsin ne suka ji bayanin Naziru a tasha, waɗanda suka ga hoton kuwa Allah kaɗai ya san yawansu.

Ranar farko da Kawu ya koma layi, Naziru ya raka shi. Mota na cika a hankali, saura mutum ɗaya. Wata mata ta zo da ƙullin kayanta ta zauna a gaba. Da Kawu ya buɗe ƙofa zai shiga, ta dube shi, ta sake dubansa.

"Wanga ba shi na direban cikin waya ba? A'a, ku sauke mani kayana. Ina da ɗiya ƙanana."

Naziru ya matso da sauri yana cewa, "Hajiya, ba laihi nai ba na, ni na..." Ba ta tsaya saurara ba. Ta ɗauki ƙullinta ta nufi motar baya.

Kawu ya shiga motar. Ya zauna a kujerarsa, ya ɗora hannu a sitiyari, yana kallon gaba. Sauran fasinjoji suka fara duban juna, wani ma ya kai hannu ga jakarsa.

Ranar kasuwa ce, buhunan Naziru na jiran sa a rumfa. Ya buɗe ƙofar gaba ya shiga, ya zauna a wurin matar, ya ja ƙofa ya rufe.

Kawu ya dube shi. "Ina za ka? Mi gare ka Anka?"

"Ba ni da komi, Kawu. Tada mota. Duk wanda yat tambaya a hanya, ina nan in ba shi amsa."

Kawu ya murɗa makulli. Wata guda cur Naziru yana zaune a kujerar nan, zuwa da dawowa, yana faɗa wa baƙin da bai sani ba abin da ya yi da murfin maganin tari.

Darasi: Gwaninta a wani fanni ba ta mayar da kai gwani a kowane fanni. Abin da aka ce a auna da nauyi kada ka auna da ido ko da murfi, musamman abin da zai shiga jikin ɗan Adam, domin alherin da ya dace da tiyar gero yana iya zama guba a kwalba. Faɗin "ban iya ba" kunyar minti ɗaya ce, ɓoye ta kuwa tana iya cinye mutuncin wanda ya rene ka. Idan kuma ka yi kuskure, kada ka bari wani ya ɗauke maka shi ko da kwana ɗaya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake kwana na takwas da yin shiru.